Maharbin Da Ya Zaɓi Tumbi

Akwai wata baiwar Allah a nan wajenmu, can cikin ƙasar Arnhem, sunanta Noelene. Ku gyara zama, jikokina na wannan shafi, labarin yau ba na dariya ba ne. Mai cin abinci ya ajiye kwanonsa tukuna.

Noelene mijinta ya rasu da daɗewa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Da aka share makoki kowa ya ɗauka za ta tattara ta koma birnin Darwin inda ta fito. Sai surukarta, tsohuwa Maudie, ta kama hannunta ta ce, "Ɗana ne ya tafi, ba ke ba. Zauna."

Ta zauna. Tun daga ranar ba ta da wata uwa a duniya sai Maudie.

Maudie ita ce mai ƙasar, daga rafi har gindin duwatsu, gadon kakanninta. Idonta ya yi rauni, kunnenta ɗaya ya mutu, amma bakin nan yana nan da kaifinsa. Duk inda ta sa ƙafa, wani tsohon jan kare mai suna Biskit yana biye da ita. Shi ne idonta, shi ne kunnenta.

Noelene tana da ƙane guda, Kelvin. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. In ya yi ɓarna ita ke rufewa, tun yana satar alewa har ya kai ga faɗan mashaya. In an yi mata magana sai ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ubansu maharbin ɓauna ne, kuma ya koya musu su biyun. Karatunsa gajere ne. In za ka harba, ka bi ƙafar gaba da ido, ka hau sama kaɗan, kada ka kai tsakiyar jiki. Nan zuciya da huhu suke. Kai kuwa ƙaho da ƙashi sun tsare shi, ba wurin gwaji ba ne. Ciki kuma ba a harbinsa, ko da wasa.

Kelvin ya fi uban nasu hannu. Wannan ku riƙe shi da kyau. Ba jahili ba ne, ba ɗan koyo ba ne. Ya san wurin kamar yadda ya san hanyar bakinsa.

Abin da ya lalata shi waya ce. Ya buɗe shafi yana sa bidiyon farauta, mutanen birni suna yi masa tafi, kansa ya kumbura har hula ta daina shiga.

Wata rana a ƙarshen rani ya iso da sabuwar a-kori-kura tana sheƙi. Tare da shi akwai abokinsa Brodie, wani siriri mai jan wuya, wanda aikinsa riƙe waya.

Maudie na zaune a inuwa tana shan shayi da burodin da aka gasa a toka. Ta ƙanƙance ido ta dubi motar.

"Kelvin, wannan motar taka ce, ko ta surukinka ka aro?"

"Haba Gwaggo, ni da ko matar ba ni da ita?"

"To ai shi ya sa take sheƙi. Wannan ɗan tsiririn fa? Ba kwa ba shi abinci?"

Brodie ya yi dariya ya ce, "Ina ci, Gwaggo, ba ya zama ne."

"Zauna kusa da ni, iska na tashi da yamma, kada ta tafi da kai."

Bayan an sha shayi ta shiga maganar da ta sa aka kira Kelvin. Fadama ta bushe, taɓo ya tsattsage, lokacin haƙar kififiya ya yi. In ruwa ya janye, kififiya mai dogon wuya takan binne kanta a taɓo ta jira damina, mata su bi da sandunan ƙarfe suna caka ƙasa har su ji sanda ta daki ƙoƙon bayanta ƙwas. To ga wani tsohon bajimin ɓauna ya tare a kurmin da ke bakin fadamar, yana tattake wurin.

"Jibi za mu fita da mata da yara," in ji Maudie. "Ka kawar mini da shi. Harsashi a inda ya dace, ka kawo nama mu ci, ƙaho naka ne. In ka gama ka zo ka faɗa mini abin da ya faru a ƙasata. Sharaɗina ke nan."

"An gama, Gwaggo. Ki ɗora tukunya."

Da rana ta yi sanyi suka fita su uku, Noelene ke tuƙi. Suka ajiye motar daga nesa suka taka a ƙasa, iska na bugun fuskarsu.

Ga shi nan. Baƙi ƙirin, taɓo ya bushe a gadon bayansa, ƙahon ya buɗe kamar hannun mai maraba. Yana tsaye a fili, ya ba su gefensa na hagu gaba ɗaya, yana cin ciyawa. Ko yaro aka ba bindiga a wannan tsayuwar, zai kawo nama gida.

Kelvin ya durƙusa ya ɗora bindiga. Ya ce wa Brodie a hankali, "Kana ɗauka?"

"Ina ɗauka."

Noelene na bayansa, tana kallon bakin bindigar. Ta ga ya tsaya daidai kafaɗa. Ta riƙe numfashi tana jiran ƙara.

Sai ta ga bakin bindigar yana zamewa baya. A hankali, da gangan, ya wuce kafaɗa, ya wuce haƙarƙari, ya tsaya a kan ciki.

"Kelvin..."

Tau!

Ƙarar da harsashin ya yi a jikin dabbar ba irin wadda ta sani ba ce. Wani ɓus ne, kamar an doki jiƙaƙƙen buhu. Bajimin ya gantsare baya, ya saki wani nishi da Noelene ba ta taɓa jin irinsa ba.

Kelvin ya miƙe tsaye, ya fito fili yana ɗaga hannu yana ihu. "Zo! Ga ni nan, zo mana! Brodie, kada ka motsa, yanzu zai taso!"

A nan Noelene ta gane. Ya ji masa ciwo ne don ya fusata ya taso musu, shi kuma ya kayar da shi a gaban ƙafarsa, mutanen waya su ce jarumi.

Amma dabba ba ta san bidiyo ba. Bajimin ya dube su, ya juya, ya shige kurmi yana tafiya a takure. Ciyawa ta rufe bayansa.

Suka ƙarasa inda ya tsaya. Babu jan jini mai kumfa irin na huhu. Sai wani koren ruwa mai kauri, haɗe da ciyawar da bai gama narkewa ba, ya fantsama a ƙasa. Warin ya daki Noelene har cikin maƙogwaro. Ƙudaje har sun fara sauka.

Ta dubi ƙanenta kamar yau ta fara ganinsa.

"Me ka yi?"

"Hannuna ne ya goce."

"Ni za ka yi wa ƙarya? Ni da na wanke maka kashi? Ina kallon bakin bindigar!"

"Yaya, ki rage murya. Kowa haka yake yi. Wa zai tsaya kallon ɓauna ta faɗi tim kamar buhu? Mutane motsi suke so."

"Mutane! Su mutanen ne za su kwana da harsashi a tumbi? Tir da kai, Kelvin. Wuce mu bi shi."

Suka bi sawu har bakin kurmin. Ciki duhu ne, ciyawa ta fi mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke gabanka. Kowa ya san abin da ɓauna mai rauni take yi. Takan zagaya ta laɓe a gefen sawunta, ta jira mai binta. Ba a banza ake cewa kwanton ɓauna ba.

Jarumin waya ya leƙa, ya ja baya.

"Rana ta faɗi. Shiga nan yanzu wauta ce. Zai mutu da kansa kafin safe."

"Ka san ba zai mutu ba. Baba ya sha faɗa mana, wanda aka harba a ciki yakan yi kwanaki."

"To gobe da sassafe na dawo na ƙarasa shi. Na rantse. Ki dai rufa mini asiri wajen tsohuwa. In ta ji, ta kore ni, kuma duk masu ƙasa za su ji. Yaya, don Allah. Ni ne fa."

Ni ne fa. Kalmar da ya saba kashe mata jiki da ita ke nan tun yana ƙarami.

A hanyar komawa suka hangi garke a nesa. Kelvin ya ce ta tsaya. Ya zaɓi wata matashiyar ɓauna mai ƙiba, a tazarar da ta ninka ta ɗazu. Ya harba sau ɗaya, daidai kafaɗa. Ta ɗan yi gudu ta kife, ko shurawa ba ta yi sosai ba.

Ya busa bakin bindiga ya ce, "Ga naman Gwaggo."

Wannan harbin ya fi na farko ƙona ran Noelene. Ashe hannun lafiyarsa ƙalau. Zuciyar ce ta ruɓe.

A gida aka yi murna, yara na tsalle, mata na rabon nama. Maudie ta shafa cinyar ta ce, "Wannan ai mace ce. Ina bajimina?"

"Ya ji warinmu ya tsere, Gwaggo. Na harba sama na ƙara masa gudu. Ya haye rafi, ya yi duwatsu. Ba zai dawo ba."

"Haka ne, 'yata?"

Noelene tana tsugune tana hura wuta. Ta ce hayaƙi ya shige mata ido. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tsohuwa ta ɗauki shirun a matsayin e.

Da aka miƙo mata gasasshen nama ta kai baki, sai warin koren ruwan nan ya dawo mata. Ta faki ido ta jefa wa Biskit.

Washegari ta tayar da Kelvin tun da duku-duku. Ya ce kansa na ciwo, a bari rana ta ɗan ɗaga. Da rana ta ɗaga ya ce zafi ya yi yawa. Da la'asar ta neme shi ta rasa, ashe sun tafi kamun kifi shi da Brodie. Ya dawo da ƙaton kifi yana ɗaga shi ana ɗaukarsa hoto.

Ta ja shi bayan tankin ruwa.

"Gobe ne fa matan nan za su fita. Da yara."

"Ya mutu, Yaya. Na ga shirwa na shawagi ta wajen."

"Ka gan shi da idonka?"

"Kin cika naci. Shi ya sa kika tsufa da wuri."

Ta yanke a ranta cewa da safe, in mata sun taru da sandunansu, za ta tsaya a gabansu ta faɗi gaskiya. Da safe. Kullum mai rufa wa mugu asiri yana da wata safiya da yake jira.

Gari na wayewa ta fito da kofin shayin Maudie. Shimfiɗa babu kowa. Sandar ƙarfen da ke jingine a bakin ƙofa ba ta nan. Biskit ma ba ya nan.

Wata maƙwabciya ta ce, "Ai kin san tsohuwa. Ta ce ba za ta jira masu barcin asara ba, ta yi gaba ta duba mana wuri."

Kofin ya suɓuce daga hannun Noelene.

Ta banka tantin Kelvin ta finciko shi da ƙafa. "Tashi! Inna ta tafi fadama ita kaɗai!"

Bai yi gardama ba wannan karon. Ya suri bindiga, Brodie ya suri waya, suka faɗa mota. Noelene ta taka ta kamar za ta ɓalle, tana kiran sunan Allah, gidajen gara na wucewa ta gefe.

Daga nesa suka hango Maudie. Ɗigo guda a tsakiyar busasshen taɓo. Ta durƙusa tana haƙa da hannu, ta ba kurmin baya, mataccen kunnen yana wajensa. Biskit na tsaye tsakaninta da ciyawar, gashin bayansa a miƙe, yana haushi kamar zai shiɗe.

Ciyawa ta buɗe.

Bajimin ya fito. Ba shi ne na shekaranjiya ba. Cikinsa ya kumbura, kansa a ƙasa, yawu na zuba, gajimaren ƙudaje na binsa. Yana tafe yana tangaɗi, amma ya nufi tsohuwa kai tsaye.

Noelene ta danna hon, tana ihu, "Inna! Inna!"

Biskit ne ya tare shi. Tsohon kare da haƙoransa suka ƙare ya daka tsalle ya kama masa hanci. Bajimin ya girgiza kai sau ɗaya. Karen ya tashi sama, ya faɗo can gefe, bai ƙara motsi ba.

Wannan ɗan jinkirin shi ya ba Kelvin dama. Ya diro, ya durƙusa. Dabbar ta ba shi gefen dama. Harsashin farko ya karya kafaɗa, bajimin ya zube a gwiwa. Na biyu ya ƙarasa shi. Ya kwanta a gefensa na hagu, ƙahonsa ya kusa taɓa sandar Maudie.

Noelene ta ruga ta rungume tsohuwa tana shafa ta ko'ina. Babu ko ƙwarzane.

To jikokina, a nan ne abin ƙyamar yake. Kuna tsammani Kelvin ya zube ya nemi gafara?

Ya juya wajen Brodie fuskarsa fal murna. "Ka ɗauka? Ka ce mini ka ɗauka!"

"Na... na ɗauka."

"Wannan shi ne bidiyo! Maharbi ya ceci tsohuwa!" Ya ɗora ƙafa a wuyan bajimin ya gyara hula. "Gwaggo, matso kusa da ni. Allah ya sa na ji a jikina zai dawo, shi ya sa na biyo ki."

Maudie ta lallaɓa ta kama hannunsa da hannayenta biyu masu taɓo. Ta ce, "Ɗan nan, ka biya ni. Da yau sai dai a kwashe ni a buhu. Daga yau ƙasar nan ba tawa ba ce ni kaɗai, duk lokacin da ka ga dama ka shigo. Zan faɗa wa 'yan uwana na gabas su ma su buɗe maka." Ta ɗan ja hanci. "Amma wane irin wari ne wannan?"

"Taɓo ne, Gwaggo. Kin san su da birgima."

Ya dubi yayarsa ta saman kan tsohuwa, ya kashe mata ido ɗaya.

Noelene ta tsaya. Raunin yana ƙasa, gawar ta danne shi. Idon tsohuwa ba ya gani sosai. Brodie ba zai yi magana ba. Inna ta tsira. In ta yi shiru yanzu, magana ta mutu har abada, kowa ya koma gida da mutuncinsa, har da ita da aka tambaya ta fake da hayaƙi.

Sai ta dubi Biskit, kwance a taɓo da bakinsa a buɗe. Ta dubi hannun Inna a cikin hannun Kelvin.

"Inna, saki hannunsa."

"Me kika ce, 'yata?"

Ta zagaya wajen kunnen mai ji, ta ɗaga murya. "Na ce ki saki hannunsa. Ƙazanta ce a jiki. Brodie, ɗauko igiya a mota."

"Yaya, kina hauka ne?" in ji Kelvin.

"Na warke dai."

Ta ɗaura igiyar a ƙafafun bajimin da kanta, ta ja da mota. Gawar ta mirgina a hankali. Daidai lokacin sauran mata suka ƙaraso da sandunansu da yaransu.

Ba sai an yi bayani ba. Rami ne a tsakiyar ciki, bakinsa ya yi baƙi ya kumbura, koren ruwa da mugunya na tsiyaya, tsutsa fara fat tana motsi a ciki. Warin ya tashi kamar an buɗe tsohon masai. Mata suka toshe hanci suna ja da baya. Brodie ya juya ya amayar da duk abin da ke cikinsa.

Maudie ba ta ja baya ba. Ta durƙusa, ta kai yatsa ta zagaye bakin ramin.

"Wannan ba na yau ba ne."

"Na shekaranjiya ne," in ji Noelene. "Yana tsaye ya ba shi kafaɗa. Ya bar kafaɗar ya zaɓi tumbi, don ya taso masa a ɗauka a waya. Bai haye rafi ba, nan ya shige. Ina wurin. Kin tambaye ni, na yi shiru."

"Kuskure ne, Gwaggo!" in ji Kelvin. "Kowa na kuskure. Kuma ai ni na cece ki, kowa ya shaida!"

Maudie ta miƙe da ƙyar, ta goge yatsanta a ciyawa.

"Ka cinna wa ɗakina wuta, ka kawo ruwa a kofi, kana jiran godiya." Ta tofar da yawu. "Mai kuskure yakan zo ya faɗa. Dabbar nan ta kwana biyu tana ruɓewa da ranta, kai kana kamun kifi. Karen daji ma in ya kama, yunwa ce ta sa shi. Kai fa, me ya sa ka?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Ubanka ya yi harbi a ƙasar nan tun kafin a haife ka. Bai taɓa bar mini mushe mai tafiya ba. Maganar da na yi ɗazu na janye ta. 'Yan uwana na gabas kuwa za su ji, amma ba abin da ka so su ji ba."

"To shi ke nan, na tafi." Ya juya zai nufi mota.

"Ina za ka? Ka bar mini wannan a inda muke haƙar abinci? Kayanka ne. Fiɗe shi, ka kwashe, har tumbin da ka zaɓa. Kada ka bar ko kofato."

"Gwaggo, naman ya lalace, ba mai ci..."

"Na sani. Kai ka lalata shi, kai za ka ɗauka."

Matan suka zagaye shi, kowace ta dogara da sandar ƙarfenta. Ba wadda ta ɗaga murya. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya zaro wuƙa.

Da ya tsaga cikin, abin da ya fito ya wanke masa hannu har kafaɗa, ya cika masa takalmi. Yana yanka yana kakarin amai, ƙudaje na shiga masa baki. Rana ta take. Wata mata ta ce, "Ɗan tsiriri, yau ba ka ɗauka ne? Ga motsi ai." Brodie ya cusa wayar a aljihu ya sunkuyar da kai.

Haka ya loda ruɓaɓɓen naman nan guntu-guntu a bayan sabuwar motarsa, ruwan na ɗiga ta ƙasa. Da ya gama ya dubi Noelene, idonsa jawur.

"Kin sayar da ɗan uwanki saboda kare."

"Ban sayar da kai ba, Kelvin. Na daina saye maka ne. Je ka."

Suka tafi, shirwa na bin motar a sama. An ce har ya sayar da motar nan warin bai fita ba. Kuma daga rafin nan har bakin teku, babu mai ƙasar da ya ƙara buɗe masa hanya.

Ranar ba a haƙi kififiya ba. Noelene ta cire rigarta ta sama ta naɗe Biskit, ta rungume shi. Suka kama hanyar gida a ƙasa, tsohuwa a gaba tana laluben hanya da sanda, ba mai ja mata gora. Ba ta waiwayo ba. Noelene na biye tana kuka marar sauti, tana tunanin inda za ta dosa in an ce ta tattara.

Sun yi nisa kafin Maudie ta tsaya. Ba ta juyo ba ta ce, "Da kin buɗe baki shekaranjiya, da yana tafe a gabana yanzu."

"Haka ne, Inna."

"Kin zauna kin ci abinci da ni, kin san abin da ke cikin kurmi."

"Haka ne."

"Ba zan ce miki ba komai ba. Akwai komai."

Iska ta kaɗa busasshiyar ciyawa. Tsohuwa ta ja dogon numfashi, sannan ta miƙo hannu gefe.

"Matso ta wajen kunnen nan da ba ya ji. Yanzu ba ni da kowa a wajen sai ke."

Darasi: Wanda ya san inda zai sa harsashi ya sauƙaƙa wa dabba, ya bar wurin don a yi masa tafi, ba jarumi ba ne, azzalumi ne, kuma abin da ya ɓata shi zai ɗauka da hannunsa. Ku maharba, in ba ku samu wurin da ya dace ba ku sauke bindiga, in kun ji wa dabba ciwo ku bi ta, ku kuma faɗa. Ku kuma masu rufa wa naku asiri a kan mugunta, ku sani shirunku ma harsashi ne, kuma wanda bai ji ba bai gani ba yake samu. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mai ƙane ko ɗa da yake ta karewa, ko Allah ya sa ya yi magana tun kafin safiya ta yi masa latti.